Yadda Ake Gane Shuɗin Furen Himalaya, a Raine Shi, a Kuma Yaɗa Shi a Lambu

Shuɗin furen Himalaya, wanda masana tsirrai ke kira Meconopsis, ɗan tsauni ne. Asalinsa gangaren duwatsun Nepal, Bhutan, Tibet, arewa maso gabashin Indiya da yammacin Sin, a tudun da ya kai mita 3,000 zuwa 4,000 sama da teku, wani wurin ma ya zarce haka. Can damina takan zo da ruwa da hazo kusan kullum, rana ba ta da zafi, ƙasa baƙa ce mai ruɓaɓɓen ganye, ruwa kuma ba ya kwanciya saboda gangare. Idan sanyi ya shigo sai shukar ta janye jikinta cikin ƙasa, ƙanƙara ta lulluɓe ta, ta yi barci a bushe har wata da watanni. Duk abin da za a faɗa a nan ƙoƙari ne na kwaikwayon wannan yanayi, kuma yawancin asarar da masu lambu ke yi daga abu biyu take fitowa: zafi da fari a lokacin girma, da kuma jiƙewar gindi a lokacin barci.

Saboda haka a fara da maganar wuri tun kafin a kashe ko kwabo. Shukar takan fara wahala da zarar zafin rana ya riƙa wuce digiri 21 zuwa 25 a ma'aunin salshiyos, musamman idan dare ma bai yi sanyi ba. Shuka ta a Kano ko Sakkwato ko Damagaram aikin baban giwa ne. Ko a Jos da Mambila, inda ake samun sauƙin zafi, babu hunturun da zai sa ta yi barcin da take bukata. Inda take jin daɗi shi ne Sikotilan, arewacin Ingila, Ailan, Norwe, gaɓar arewa maso yammacin Amurka, Alaska, wasu sassan Kanada, da kudancin New Zealand. Mai son ya gan ta da idonsa kafin ya fara, akwai ta a lambun Branklyn da ke Perth a Sikotilan, da lambun tsirrai na Edinbara, da Harlow Carr a Yorkshire, da na Tromso a Norwe, da lambun Metis a Kebek ta Kanada. Watannin da za a ambata a ƙasa na ƙasashen arewacin duniya ne, wanda ke New Zealand sai ya juya lissafin da wata shida.

Yadda ake gane shi

Wanda ya san haƙorin kada, ciyawar nan mai ƙaya da rawayan fure da ke fitowa a kufai da bakin rafi, ya riga ya san fasalin furen, domin danginsu ɗaya. Furen buɗaɗɗe ne kamar ƙaramin ƙoƙo, yawanci ganyen fure huɗu, siriri kamar alharini, da tarin zaruruwa masu ruwan zinariya a tsakiya. Kafin ya buɗe, tohon kan sunkuyar da kai, yana lulluɓe da ɓawo biyu masu gashi waɗanda ke faɗuwa ranar da zai buɗe, furen ya fito a cukurkuɗe sannan ya miƙe cikin 'yan sa'o'i. Ganye da kara duk suna da gashi mai ruwan tsatsa, idan aka karya kuma wani ruwa mai ɗan rawaya yakan fito. Ko da yake dangin shukar da ake samun ofiyam ne, shi ba a samun ofiyam daga gare shi.

Rikicin yana wajen sunaye, kuma ya kamata mai saye ya fahimce shi domin takardar da ke jikin tukunya takan yi ƙarya.

Wanda ya fi yawa a shaguna shi ne Meconopsis baileyi. Sunan wani hafsan sojan Birtaniya ne, Frederick Bailey, wanda ya tsinko furen a kudu maso gabashin Tibet a 1913, sai mai tattara tsirrai Frank Kingdon-Ward ya kawo irinsa Ingila a 1924. An daɗe ana kiransa betonicifolia, har yanzu ma tsofaffin littattafai da fakitin iri da yawa haka suke rubutawa, amma tun 2009 masana suka raba su: ainihin betonicifolia na lardin Yunnan na ƙasar Sin ne kuma ba kasafai ake samunsa a lambu ba. Baileyi yakan kai mita 1 zuwa 1.2, faɗin furensa santimita 8 zuwa 10. Ka dubi gindin ganyen, wato inda ya haɗu da sandarsa. A baileyi wurin yankakke ne ko mai siffar zuciya. Kwanson irinsa gajere ne mai kauri, cike da gashi. Akwai fari daga cikinsa mai suna 'Alba', akwai kuma 'Hensol Violet' mai ruwan shunayya.

Na biyu Meconopsis grandis. Furensa ya fi girma, yakan kai santimita 12 zuwa 15, ganyensa dogo ne mai tsukewa a hankali har zuwa sanda kamar bakin mashi, kwansonsa kuma dogo siriri. Ainihinsa yana da wuyar samu. Yawancin irin da ake sayarwa da sunan grandis wani abu ne dabam.

Na uku su ne barbarar yanyawa tsakanin waɗannan biyun, kuma su ne suka fi dacewa da lambu. Wani mai lambu a Surrey ta kudancin Ingila mai suna Sheldon ne ya fara haɗa su a 1934, shi ya sa za ka ga an rubuta sheldonii. Ƙungiyar masu nazarin wannan fure da aka kafa a Sikotilan a 1998 ta kasa manyan shuɗɗan gida uku. Gidan farko kamar alfadari suke, ba sa haihuwa: suna fure amma kwansonsu fanko ne ko ƙura kawai, kuma 'Slieve Donard' shi ne sananne a cikinsu. Gida na biyu zuriyar irin da mai tattara tsirrai George Sherriff ya tattaro a gabashin Bhutan a 1934, irin su 'Jimmy Bayne', 'Ascreavie' da 'Huntfield'. Ana gane su da sabon ganye mai sirkin ja idan ya fara leƙowa, furensu ma yakan ɗauki ɗan ruwan shunayya, su ma ta rabon gindi ake yaɗa su. Gida na uku masu haihuwa, kuma sarkinsu 'Lingholm', wanda ya samo suna daga wani lambu kusa da Keswick a arewacin Ingila. Shuɗinsa tsantsa ne, yana daɗewa shekara da shekaru, yana ba da iri mai yawa da ke fitowa kamar uwarsa. Ga mai farawa, 'Lingholm' ne zaɓi, babu ma abin tsayawa shawara.

Daga wannan bayani za ka iya kama ɗan damfara. Duk wanda ya tallata maka irin 'Slieve Donard' a fakiti, ko bai san abin da yake sayarwa ba ko ya raina maka wayo. Haka 'Hungarian Blue' ba shi da alaƙa da wannan fure, shukar ofiyam ce wadda ƙwayarta ke da ɗan shuɗi. Wanda aka rubuta wa cambrica kuma rawaya ne ko ruwan goro, ɗan Turai ne, har masana sun cire shi daga cikin Meconopsis. Sai wasu jinsuna irin su horridula mai ƙaya da napaulensis, waɗanda ɗabi'arsu ce su yi fure sau ɗaya su mutu. Idan ka sayi irin waɗannan suka mutu bayan fure, ba laifinka ba ne.

Zaɓen wuri da gyaran ƙasa

Ana son inuwa mai ratsin haske, irin wadda ake samu a gefen itatuwa masu siririn ganye, ko a arewacin gida inda haske ke isa amma ranar tsaka ba ta dukan wurin. Ranar safe ba ta da laifi. Gwargwadon sanyin garinku, gwargwadon ranar da shukar za ta iya ɗauka: a arewacin Sikotilan ana shuka ta a fili, a kudancin Ingila kuwa sai da inuwa sosai. Amma inuwa mai duhu takan hana fure. A guji gindin manyan itatuwa masu saiwa a sama-sama, domin sukan shanye laima su bar ƙasa ƙamas a daidai lokacin da shukar ta fi bukatar ruwa. A kuma nemi wurin da shinge ko katanga ke tare iska, saboda iska mai ƙarfi tana karya kara tana yayyaga fure, busasshiya kuma tana ƙona bakin ganye.

Ƙasar da ake nema mai ɗan tsami ce, tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH, ko da yake tana jure har kusa da 7. Kayan gwajin ba su da tsada a shagon lambu, kuma gwadawa ya fi kintace. A ƙasa mai alli shukar kan yi rawaya, furen kuma ya koma shunayya mai dusashewa. Idan ƙasarku irin wannan ce, gara a gina kwami mai tudu a cika shi da ƙasar da aka kawo daga waje.

Ga yadda ake gyaran wurin, kuma ya fi kyau a yi shi makonni kafin dashe domin ƙasa ta zauna. A haƙa zurfin santimita 35 zuwa 45, a tsince saiwar ciyawa da duwatsu. A kowane murabba'in mita a zuba bokiti biyu na ruɓaɓɓen ganyen itace, da bokiti ɗaya na takin shanu ko na doki da ya shekara ya ruɓe sarai har ya daina wari, a cakuɗa da ƙasar wurin. Idan ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, a ƙara bokiti ɗaya ko biyu na ƙananan tsakuwa, a kuma ɗaga kwamin santimita 15 zuwa 20 sama da sauran fili. Idan mai yashi ce, a ninka ruɓaɓɓen ganyen. Gwajin hannu ya isa: ka dunƙula ƙasar tana da laima, ta dunƙulu, ka taɓa ta da yatsa ta wargaje. Idan ta zama kamar yumɓun maginin tukunya, da sauran aiki.

Abu uku kada su shiga kwamin. Toka, wadda mun saba zubawa a lambu, tana kashe tsamin ƙasa. Farar ƙasa ma haka. Na uku shi ne tsohon takin da aka noma naman kaza da shi, wanda ake sayarwa da araha a Turai, domin galibi akwai alli a cikinsa.

Dashe da raino

Ana dasawa a Maris zuwa Afrilu, ko ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba yayin da ƙasa ke da sauran ɗumi. A jiƙa tukunyar sosai kafin a zare shukar. A haƙa rami da ya ɗan fi tukunyar faɗi, a zaunar da shukar yadda kan gindin, wato inda ganye ke fitowa, zai yi daidai da fuskar ƙasa. Wannan ƙaramin abu ne amma shi ke kashe da yawa: idan aka binne kan gindin, ruwan hunturu zai taru a kai ya ruɓar da shi. A danna ƙasa da hannu kawai, ban da takawa da ƙafa, a ba da ruwa. Tazara santimita 45 zuwa 60 ga baileyi, 60 zuwa 75 ga 'Lingholm' da sauran manya. Sun fi kyau a rukuni na uku ko biyar, kuma 'Lingholm' da baileyi sun fi ba da iri idan akwai 'yan'uwa a kusa da ƙudan zuma zai zaga.

Daga Afrilu zuwa Satumba ƙasar ba za ta taɓa bushewa ba. Ka tura yatsa santimita biyar, idan ba ka ji laima ba lokacin ban-ruwa ya yi. A ba da ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako, kamar lita goma ga murabba'in mita, ya fi a riƙa yayyafi kullum wanda ba ya ratsawa. A zuba a ƙasa, kada a kan ganye, da safe ko da yamma. Inda ruwan famfo ke da alli, kamar Landan da kewayenta, a tara ruwan sama a randa ko duro. A ranakun da zafi ya yi tsanani, jiƙa ƙasar da ke kewaye da yin ɗan feshi a iska da yamma yana rage wa shukar wahala.

Kowace shekara a farkon Afrilu a shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko takin da ya ruɓe kaurin santimita biyar, a zagaye shukar a bar faɗin tafin hannu tsakaninsa da gindin. Wannan rufi yana riƙe laima, yana sanyaya saiwa, yana kuma ciyarwa. Shukar mai ci ce, don haka ana iya ƙara mata takin zamani mai narkewa a hankali, kamar giram 30 zuwa 50 a murabba'in mita, sau ɗaya a shekara. Kada a zarce haka, garin neman ƙiba a samo rama: taki mai yawa yana sa ganye ya yi laushi, cuta ta samu ƙofa.

Yanzu ga shawarar da ta fi kowace ɗaci. Ƙaramar shuka mai gindi ɗaya, musamman baileyi, idan aka bar ta ta yi fure a shekarar farko takan zuba duk ƙarfinta a kara da iri, ta mutu. Saboda haka da zarar karan fure ya fara tasowa daga tsakiyarta, a yanke shi tun yana gajere. Shukar sai ta mayar da ƙarfinta ga fitar da 'ya'ya a gefen gindi. Idan gindin ya kai kai biyu ko uku, sai a ƙyale ta ta yi fure, domin ko wanda ya yi furen ya mutu akwai magada. Mutum ya yi shekara yana jiran shuɗin nan sannan a ce ya sa almakashi, ba daɗi, amma baileyi da yawa da ake cewa ba ya daɗewa wannan ne ya kashe shi. 'Lingholm' ya fi haƙuri, sai dai shi ma ka leƙa gindinsa, idan ba ka ga ɗa ko ɗaya ba ka yanke.

Fure yakan zo daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuni, a wurare masu sanyi sosai har Yuli. Kowane fure kwana kaɗan yake yi, amma suna buɗewa bi da bi har mako uku ko huɗu. Bayan sun zube, a bar kwanso biyu ko uku idan ana son iri, a yanke sauran. A ci gaba da ban-ruwa bayan fure, domin a lokacin ne shukar ke gina gindin baɗi, kuma a nan ne mutane suka fi mantawa da ita. A Oktoba ko Nuwamba ganyen zai mutu gaba ɗaya. A kwashe shi don kada ya kwanta ya ruɓe a kan gindi, a kafa ɗan tsinke a wurin domin kada a sare ta da fartanya. Sanyi ba ya kashe ta, jiƙewa ce ke kashe ta.

Yaɗawa ta hanyar iri

Irin ba ya daɗewa da rai idan aka bar shi a ɗumi, kuma wannan ne dalilin da fakitin shago da ya kwana watanni a kan kanta yakan ƙi fitowa. Iri mafi kyau shi ne na lambunka, ko na maƙwabci, ko na ƙungiyoyin masu lambu da ke musayar iri.

Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba kwanson zai koma ruwan ƙasa, samansa ya fara tsagewa. A yanke shi a wannan lokacin, a jefa a ambulan ta takarda, a bar shi mako ɗaya ko biyu a wuri mai iska ya ƙarasa bushewa. Ban da leda, tana sa fumfuna. A zazzage a kan farar takarda a duba: irin kirki baƙi-baƙi ne, cikakke, mai siffar ƙoda, fankon kuwa siriri ne kamar dusa. A hure dusar, a mayar da irin cikin sabuwar ambulan, a rubuta suna da shekara, a sa a kwalba mai murfi a ajiye a firij wajen digiri 4. Gashin kwanson yana sa wasu ƙaiƙayi, safar hannu tana da amfani.

Wasu sukan shuka nan take a Agusta, kuma yakan fito da kyau, sai dai 'yan tsiron sukan shiga hunturu suna ƙanana ƙwarai, da yawa ba sa kai labari. Hanyar da ta fi tabbas ita ce shuka tsakanin Disamba da Fabrairu.

A samu tukunya mai faɗin santimita 9 ko 10, wankakkiya, mai huda a ƙasa. A haɗa kashi biyu na ƙasar buhu ta shuka iri, ko wadda aka rubuta wa ericaceous, wato mai tsami, da kashi ɗaya na perlite, wato farar tsakuwa marar nauyi, ko tsakuwa ƙanana. A cika tukunyar saura santimita ɗaya, a daidaita fuskar a danna kaɗan. A tsoma gindinta a kwano mai ruwa har laima ta hau sama, a cire a bar ta ta tsane. Sai a barbaɗa iri ashirin zuwa talatin a warwatse. Cunkoso shi ne uwar cuta a wannan mataki, gara tukwane uku masu sarari da ɗaya mai cika. Irin yana bukatar haske kafin ya tsiro, saboda haka ba a binne shi. Ko dai a bar shi a fili, ko a yayyafa tsakuwa masu laushi kaurin milimita biyu zuwa uku, waɗanda haske ke ratsawa kuma suke hana ruwan sama tarwatsa irin.

A ajiye tukunyar a waje, a wurin da rana ba ta dukanta, cikin akwatin reno mai murfin gilashi da aka ɗan ɗaga, ko a ɗakin gilashi marar ɗumi. Sanyin makonnin nan yana taimaka masa, kuma zai fito da kansa wajen Maris. Mai gaggawa yana iya sa shi a digiri 12 zuwa 15, ya fito cikin mako biyu zuwa huɗu. Abin da ba a yi shi ne ɗora shi kusa da hita ko a bakin taga mai rana, domin zafin da ya wuce digiri 18 zuwa 20 yana hana shi tsirowa. Fuskar ƙasar kuma kada ta bushe ko na yini ɗaya. Irin da ya fara fasa baki, saiwarsa kamar gashi take, awa kaɗan na bushewa sun isa su kashe shi, mai shi ya zauna yana zagin mai sayarwa.

Da zarar sun fito, a cire duk wani murfi, a ba su iska da haske marar zafi, a riƙa ba da ruwa ta ƙasa. Idan ka ga tsiro suna faɗuwa rukuni-rukuni, wuyansu ya tsuke ya yi baƙi, ruɓewar wuya ce, fumfuna ke kawo ta inda aka haɗa cunkoso da laima da rashin iska. Ba ta da magani bayan ta kama. A cire waɗanda suka faɗi tare da ƙasar da ke ƙarƙashinsu, a rage ruwa, a ƙara iska.

Idan suka yi ganyen gaskiya guda biyu, wato masu gashi waɗanda ke biyo bayan na farko, a raba su. A zazzage tukunyar gaba ɗaya a ware su da tsinke, a riƙe kowane ta ganye, kada a taɓa wuya. A sa kowane a ƙaramin gurbi mai faɗin santimita 3 ko 4, a zurfin da yake a da. Bayan mako huɗu zuwa shida, idan saiwa ta leƙo ta ƙasa, a mayar da shi tukunya mai santimita 9, daga nan zuwa mai lita ɗaya ko biyu. Sirrin wannan mataki shi ne kada girma ya tsaya: tsiron da aka bari ya takure a ƙaramar tukunya da wuya ya murmure. A ba su takin ruwa rabin ƙarfin da aka rubuta a kwalba, duk mako biyu, daga Mayu zuwa tsakiyar Agusta. Waɗanda suka cika tukunyar lita ɗaya kafin ƙarshen Agusta a dasa su. Sauran a bar su su yi hunturu a tukunya, a wurin da ruwan sama ba ya dukansu, ƙasar da ɗan laima kaɗan, a dasa a Afrilu.

Yaɗawa ta rabon gindi

Ga 'Slieve Donard' da zuriyar Sherriff wannan ce kaɗai hanya, ga sauran kuma tana sabunta tsohon gindi da ya cunkushe ya rage fure. Ana yi duk shekara uku ko huɗu, ko dai a Maris yayin da sabon ganye ya fara leƙowa, ko a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. A zaɓi rana mai lumshi. A jiƙa wurin tun jiya, a kewaye gindin da shebur mai yatsu nesa da shi kamar santimita 20, a ɗago shi da ƙasarsa. A kakkaɓe kaɗan har kawunan su bayyana, sai a ɓamɓare su da hannu kamar yadda ake cire 'ya'yan ayaba. Saiwar tana da gautsi, wuƙa sai inda hannu ya kasa. Kowane kaso ya samu kai biyu ko uku da saiwarsa, tsohuwar tsakiya da ta yi baƙi a yar da ita. A dasa nan take a ƙasar da aka sabunta da taki, a ba da ruwa, idan a Agusta ne a rage rabin tsawon ganyen don kada ya yi yaushi. Ƙananan ɓarɓashi masu kai ɗaya kada a zubar, a sa su a tukunya a inuwa su shekara.

Abokan gaba da alamominsu

Dodon koɗi, da ɗan'uwansa marar ƙoƙo, su ne na farko. A dare ɗaya sukan share tukunyar tsiro tas, kuma a Maris sukan cinye sabon toho tun yana cikin gindi. A ɗora tukwane a kan tebur, a fita da tocila bayan magariba a tsince su, ko a barbaɗa ƙwayoyin maganinsu masu sinadarin ƙarfe, kaɗan-kaɗan a warwatse.

Sai fumfunar ganye: tabo mai rawaya ko ruwan ƙasa mai kusurwa a saman ganye, da wani toka-toka kamar auduga a ƙarƙashinsa. Tana yaɗuwa inda shuke-shuke suka matsu kuma ganye ke kwana a jiƙe. A tsinke ganyen da ya kamu a jefa a shara, kada a sa shi a ramin taki. Shukar da ta kamu gaba ɗaya har ta tsumbure, a tuge ta.

Shukar tukunya da ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe take, a zazzage ta a duba saiwa. Sau da yawa za a tarar da fararen tsutsotsi masu lanƙwasa da jan kai, kamar ƙananan gwazarma, sun cinye saiwar. A tsince su, a wanke abin da ya rage a canza ƙasa. Maganin rigakafi shi ne ƙananan tsutsotsin nematod masu kashe su, da ake sayarwa a fakiti, a kaɗa a ruwa a zuba a ƙarshen Agusta ko Satumba, lokacin da ƙasa ke da sauran ɗumi.

Idan kuwa furen ya fito da sirkin ja ko shunayya maimakon shuɗi, a bi dalilai uku bi da bi. A fara da jinsin, domin zuriyar Sherriff da 'Hensol Violet' haka Allah ya yi su. Sai yanayin shekarar, domin zafi da fari ko sanyin da ya bugi toho sukan gurɓata launin, shuka ɗaya ta yi shunayya bana ta dawo shuɗiya baɗi. Idan abin ya maimaita shekara biyu a jere ga 'Lingholm', a gwada ƙasar da ruwan da ake ba ta. In pH ya haura 7, a koma ruwan sama, a barbaɗa garin ƙibiritu na lambu bisa adadin da aka rubuta a fakitinsa, a kuma ba shi watanni kafin a sake gwaji, domin aikinsa a ƙasa ba ya sauri.